Kalmar da Auta Ta Faɗa wa Likita

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Kwana huɗu ke nan da dawowar Auta daga jami'a. Ba hutu aka yi ba. Saura mako uku su fara jarrabawa, kuma ita ce ta ƙarshe, daga ita sai kammalawa. Ranar Alhamis da la'asar ina kwashe shanya na ji an turo ƙofa, sai ga ta da jakar goyo guda ɗaya. Ba akwati, ba tulin littattafan nan da take jawowa duk zuwa. Na ce, "Lafiya?" Ta ce, "Lafiya, Umma." Ta shige ɗaki. Tun daga nan ban ƙara jin magana doguwa daga bakinta ba.

Littafin nan nata ne na sakandare, rabinsa ba a rubuta komai ba. Na ɗauke shi ne don ba ni da wanda zan gaya wa. Abbansu ya ce gajiyar karatu ce, a bar ta ta huta. Ni dai 'ya'ya huɗu na haifa, ban taɓa ganin gajiyar da ke sa yarinya ta juya fuska bango in uwarta ta shigo ba.

Talata, 4 ga wata, hutun rana, a wurin aiki

Ina zaune a kan buhun tawul a ɗakin wanki. Shekarata goma sha tara a ƙasan benen otal ɗin nan, ni da injunan wanki uku da babban injin guga mai naɗi. Yau na zura zanen gado a karkace har sau biyu, ya fito da layi a tsakiya. Rediyo, abokiyar aikina, wadda bakinta ba ya hutawa sai in tana salla, ta ce, "Yaya, yau hannunki na nan amma ke kina gida. Ko Malam ya fara shafa turare ne ba tare da dalili ba?"

Na yi dariya don ta bar ni.

Na ajiye wa Auta shayi a flas da burodi a bakin gado. Wayarta a kashe take tun ranar da ta zo.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na kai ta asibiti. Ba ta yi musu ba, ba ta kuma yarda ba, ta dai sa hijabi ta biyo ni. Likitar mace ce, ba za ta wuce sa'ar babbar 'yata ba. Ta auna jini, ta duba ido, ta ce jiki ƙalau. Sai ta ajiye biro ta ce, "To ke yaya kike ji?"

Auta ta daɗe tana kallon ƙafar tebur. Can ta yi magana, da Turanci, gajeriya, murya ƙasa-ƙasa. Ni a aji uku na sakandare na tsaya, kuma shekara talatin da wani abu ke nan. Kalma ɗaya na kama, don ta faɗe ta sau biyu. Na ji kamar sikiranc.

Fuskar likitar ta canza. Ta ce, "Mama, ɗan ba mu wuri." Na fita na zauna a benci. Na ari biro wurin wata mai jego na rubuta kalmar a tafin hannuna kar ta gudu.

Minti arba'in suka yi. Da na koma likita ta ba ni takardar magani, ta ce a dawo bayan mako biyu, kuma kar a matsa mata da tambaya. Na ce, "Likita, me ta ce miki?" Ta ce, "Mama, in ta shirya ita za ta gaya miki. Ni ba ni da ikon faɗa."

Ni na haife ta. Wata tara, da kwana biyu ina naƙuda. Amma likita ba ta da ikon faɗa min.

Alhamis, 6 ga wata, da dare

Na gwada Rediyo. Na ce wani baƙo ne ya rubuta a jikin takardar kayan wankinsa. Ta ce, "Sikiranc? Wallahi sunan wani ƙarfe ne a cikin mota. Mijina ya taɓa cewa nasa ya lalace." Sai ta ja ni har sama wurin mai karɓar baƙi, wadda ta yi digiri.

Ita kuwa ta sa na maimaita sau uku, sannan ta tafa hannu ta ce, "Oh! Abin ɗaure gashi take nufi, mai roba a ciki da yadi a tattare." Ta ɗaga ɗankwalinta ta nuna min nata.

Na ji sanyi a raina, Allah ya sani. Da na tashi na biya kasuwa na sayo guda uku, baƙi da ja da ruwan hoda. Na jera su a kan filonta. Ta kalle su, ta kalle ni, ta ce, "Na gode, Umma." Na tsaya ina jira. Ba ta fahimci dalilin da ya sa na kawo ba, ni ma a nan na gane wautata. Ba a kan abin ɗaure gashi likita za ta fitar da uwa daga ɗaki ba.

Juma'a, 7 ga wata, da asuba

Ta yi salla a zaune. Ba abin da ya sami ƙafarta.

Asabar, 8 ga wata, bayan la'asar

Baba Ticha, maƙwabcinmu na gida na uku, shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da Turanci kafin ya yi ritaya. Shi ya koya wa Auta karatu tun tana firamare, yana ce mata Farfesa. Na same shi a kan kujerarsa a ƙofar gida da tabarau a kan hanci. Na yi masa ƙaryar da na yi wa Rediyo.

Ya sa jikarsa ta miƙo masa ƙamus, wani ƙato da bangonsa ya cire aka liƙe da salatif. Ya bi da yatsa, ya ce, "Ga ta nan. Ba sikiranc ba, Maman Auta, kin ƙara mata wasula kamar kina ƙara ruwa a miya." Ya rubuta min a takarda: scrunch.

Sai ya yago shafin tsohuwar jarida, ya damƙe shi a hannu har ya zama dunƙule. Ya ce, "Wannan shi ne asalinta. Ka cukuikuye takarda ko yadi, ka matse shi ya ƙanƙance. Ke da kike guga, duk abin da ake kawo miki haka aka yi masa."

Na ce, "Shi ke nan ma'anarta?"

Ya ce, "Ina! Bature rowar kalma gare shi, guda ɗaya zai sa ta aikin mutum biyar." Ya lissafa min, na sa ya rubuta. Mutum ya yamutsa fuska ko ya runtse ido da ƙarfi, kamar wanda ya sha magani mai ɗaci, ita ce. Mutum ya ƙudundune jikinsa, ya haɗa gwiwa da ƙirji, ita ce. A matsa a takure a kujerar mota don wani ya sami wuri, ita ce. Har ƙarar da tsakuwa ke yi in an taka ta, ƙaras-ƙaras, ita ce.

Ya ce, "Shi baƙon naku wanne yake nufi?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "To kawo min jimlar gaba ɗaya. Kalma ita kaɗai ba ta faɗin wanda ya yi da wanda aka yi wa." Sai ya ce, "Ina Farfesa? An ce an ganta." Na ce zazzaɓi ne ya kawo ta. Na yi masa sallama da sauri.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na leƙa. Tana kwance ta haɗa gwiwa da ƙirji, ido a runtse, amma ba barci take ba. Na koma kicin na ciro takardar Baba Ticha daga jaka na karanta, na mayar. In ciwon ciki ne ai sai ta ce ciwon ciki. Ta san kalmar ciwon ciki da Hausa.

Talata, 11 ga wata, da hantsi

Ranar hutuna. Na lallaɓa ta ta shiga wanka, na ce zan canza zanen gado. Da na ja katifa sai wani dunƙulen takarda ya faɗo daga tsakanin gado da bango. An matse shi sosai har ya yi tauri kamar dutse.

Na sa a aljihu. Da ta koma ta kwanta na shiga ɗakina, na sa dutsen guga a wuta kaɗan, na ɗora ɗankwali a kai na bi a hankali har ta miƙe. Takardar makaranta ce, da tambari da hatimi. Na gane sunanta, na gane lambarta, na gane kwanan wata. Na gane kalmar kwamiti. Sauran na bi su harafi-harafi, ba su buɗe min ba.

Talata, bayan magariba

Na ba Abbansu bayan ya ci abinci. Shi direban motar ma'aikata ne a wani kamfani, yana jin Turanci daidai gwargwado. Ya karanta a tsaye, ya zauna ya sake karantawa. Ya ce malamin da ke duba mata aikin binciken kammalawa ne ya rubuta cewa aikin ba nata ba ne, kwafa ta yi. An dakatar da ita, ba za ta zauna jarrabawa ba sai ta bayyana gaban kwamiti ranar uku ga wata mai zuwa.

Na ce, "Auta? Yarinyar da ta kwashe hutun bara tana bin mata gida-gida da takardun tambayoyi, har ƙafarta ta kumbura?"

Ya ce, "Ni abin da aka rubuta na karanta miki." Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba. Ya ce, "Kar yayyenta su ji. Kar kowa ya ji."

Ya tsaya a ƙofar ɗakinta. Na ga ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, ya sauke. Ya wuce masallaci tun ba a kira salla ba.

Alhamis, 13 ga wata, da dare

Wata lamba ta kira ni ina tsakiyar ninke tawul. Ƙawar Auta ce da suke ɗaki ɗaya a makaranta. Na shiga sito na rufe ƙofa saboda ƙarar inji.

Ta ce, "Umma, ya jikinta? Wayarta ba ta shiga." Na ce da sauƙi. Na ce mun ga takardar.

Ta ce, "Umma, ba haka abin yake ba. Ita ce ta fara kai ƙarar malamin. Ta rubuta ta kai ofishin shugaban sashe. Bayan kwana tara sai wannan takardar ta fito."

Na ce, "Ƙararsa a kan me?"

Ta ce, "Ya ce ta kai masa babi na huɗu ofis ranar Asabar. Ni na ce zan raka ta, sai aka kira ni gida." Ta fara kuka. Ta ce, "Umma, ki yafe min, ba ni ya kamata in faɗa ba."

Na tsaya a cikin sito tsakanin jarkokin bilic na cire tabo. Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Rediyo ce ta buɗe ƙofa, ta buɗe baki za ta yi tsiya, ta kalli fuskata, ta rufe ƙofar a hankali. Ta ƙarasa min aikina na ranar, ba ta ce uffan ba har muka tashi.

Ba zan rubuta abin da nake tunani ba.

Asabar, 15 ga wata, da safe

Na gaya wa Abbansu. Ya wanke motar kamfani sau biyu, kuma jiya ma ya wanke ta.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Abbansu ya ɗauki uzuri ya tafi makarantar, tafiyar awa uku. Ya sa kaftaninsa na zuwa ɗaurin aure, ni na goge masa. Ya dawo ɗazu.

Ya ce tun ƙarfe goma yake zaune a gaban ofishin shugaban sashe. Sakatariya ta ce yana taro. Ƙarfe ɗaya ta ce ya fita salla. Ƙarfe biyu da rabi mutumin ya fito da makulli a hannu, ya saurare shi a tsaye, ya ce, "Alhaji, ɗalibanmu manya ne, ba ma tattauna maganarsu da iyaye. Kwamiti zai yi aikinsa." Da ya tambayi takardar ƙarar da Auta ta kai, aka ce ana dubawa.

Na ce, "Shi mutumin fa, ka gan shi?"

Ya ce, "Na ga sunansa a jikin ƙofa. Na tsaya a gaban ƙofar." Ya cire hula ya ajiye a kan gwiwa. Can ya ce, "Da na shiga, da yanzu ina hannun 'yan sanda, ke kuma kina da marasa lafiya biyu."

Daga baya ya ce a bar musu makarantarsu, ta zauna a gida, in Allah ya sa ta warware a nema mata wata makarantar. Shekara huɗu. Na ce ba mu za mu yanke ba. Ya ce, "To wa zai yanke? Ita da ba ta magana?"

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Mun koma asibiti. Yau tun daga ƙofa likita ta ce in jira a waje. Na kasa kunne, fanka kawai nake ji.

Da rana na ƙona rigar wani baƙo. Shekara goma sha tara ban taɓa ba. Madam shugabar sashenmu ta ɗaga rigar tana kallona ta cikin hujin. Kafin ta yi magana Rediyo ta ce, "Madam, dutsen nan ne, tun makon jiya nake cewa yana da aljanu." Madam ta ce in ɗauki hutun kwana uku. Na ce a'a. In na zauna a gida me zan yi, in tsaya a bakin ƙofa ina jin numfashinta?

Asabar, 22 ga wata, bayan la'asar

Na koma wurin Baba Ticha. Na ce, "Baba, rannan ka ce kalma ita kaɗai ba ta faɗin wanda ya yi. To ta yaya ake ganewa?"

Ya ce, "Da ƙananan kalmomin da ke gabanta. In mutum ya ce ni, ya bi da kalmar kai tsaye, to shi ya yi: na cukuikuye. In kuwa akwai wata 'yar kalma a tsakani, to yi masa aka yi: an cukuikuye ni. Wani lokaci kuma yadda yake ji ne kawai yake faɗi, ina jin kamar an cukuikuye ni. Me kika ji a gabanta?"

Na rufe ido na koma ɗakin likita. Fanka, ƙafar tebur, muryarta. Akwai wani abu kafin kalmar, na san akwai. Gajere ne. Ban kama shi ba. Ina ta kokawa da babbar kalma na bar ƙaramar ta wuce.

Na ce, "Ana faɗinta a kan mutum?"

Ya cire tabarau. Ya ce, "A ƙa'ida a kan takarda da yadi ake faɗi. Wanda ya faɗe ta a kan kansa, wata kalmar ce ya rasa." Ya daɗe yana goge gilashin da bakin riga. Ya ce, "Maman Auta, baƙon otal ba ya rubuta irin wannan a takardar wanki."

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Ba zan tambaye ki ba. Amma in ana bukatar a rubuta wata takarda da Turancin da ba za a raina ba, hannuna bai mutu ba tukuna."

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Yau suke fara jarrabawa. Ta tashi da wuri, ta yi wanka, ta zauna a bakin gado tana kallon agogon bango. Ƙarfe takwas daidai ta koma ta kwanta.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Laifina ne. Na ce ta ɗauko min maganin ciwon kai a jakata, don kawai in sa ta taka zuwa falo. Ta fito da takardar Baba Ticha a hannu. Ta san rubutunsa.

Ta ce, "Umma, mene ne wannan?"

Na ce, "Kalmar da kika faɗa wa likita."

"Wa da wa kika tambaya?"

Na faɗa mata gaskiya: Rediyo, mai karɓar baƙi, Baba Ticha. Na ce ban ce ita ba ce. Ta kalli takardar, ta ce, "Shi ya sa kika sayo min abin ɗaure gashi." Ta yi wata irin dariya da ban so ba, ta zauna a ƙasa ta jingina da kujera.

Ta ce, "Umma, don kar ki ji na faɗa da Turanci."

Wannan maganar ta fi duk shirun da ta yi min zafi. Ni na tsaya a kan a kai ta jami'a lokacin da 'yan uwa ke cewa sakandare ta isa. Yau da abin da ta koyo ta rufe min ƙofa.

Na zauna kusa da ita. Na ce, "Likita ta ce kar in tambaye ki. Abu ɗaya kawai, daga shi ba zan ƙara ba. Baba Ticha ya ce akwai na yi, akwai an yi min. Wanne kika ce?"

Ta ce, "Shekara nawa kina wanke zanen gadon mutane?"

Na ce goma sha tara.

Ta ce, "Kin taɓa ganin wanda ya yamutsa kansa?"

Na jawo ta. Tun ranar da ta dawo ban taɓa jikinta ba sai yau. Duk ta zama ƙashi. Ba ta yi kuka ba, ni na yi, ita ke buga bayana tana cewa, "Ya isa, Umma, ya isa," kamar ni ce marar lafiyar.

Alhamis, 27 ga wata, da asuba

Na samu amsar da nake nema. Ban san inda zan kai ta ba.

Lahadi, 30 ga wata, ƙarfe goma na dare

Da safe ta fito falo da kanta Abbansu na shan shayi. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ta ce, "Abba, zan je ranar Alhamis."

Ya ce, "Ba dole. Ba wanda zai tilasta miki."

Ta ce, "In ban je ba, abin da ya rubuta shi zai zauna a fayil ɗina har abada." Ta ce takardun tambayoyinta na asali suna cikin kwali a ɗakinsu na makaranta, ɗari biyu da goma, kowace da rubutun hannunta. Ta kunna waya ta kira ƙawarta ta ce ta ajiye mata su.

Abbansu ya ce zai kai ta. Ta ce, "Umma nake so." Na ga abin ya soke shi, amma ya ce to. Da yamma Baba Ticha ya zo, suka zauna a falo shi da ita awa biyu suna tsara abin da za ta karanta. Ni na kawo ruwa na fita.

Alhamis, 3 ga sabon wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Mun dawo.

Ɗakin taron yana hawa na biyu, a ƙarshen wani dogon baranda. Ƙawarta ta kawo kwalin. Ƙarfe goma sha ɗaya aka kira lambarta. Ba a bari na shiga ba, na sani dama. Ta ɗauki kwalin da kanta. Na zauna a benci ina jan carbi, ina kallon ƙafafun masu wucewa.

Wajen sha biyu da rabi ƙofar ta buɗe, wani mutum ya fito. Dattijo-dattijo, da furfura kaɗan a gemu, kaya masu tsabta, an yi musu guga mai kyau, na lura da wannan. Ya gan ni ya rage tafiya. Ya ce, "Sannu Hajiya, an bar ki a zaune. Ko a kawo miki ruwa?"

Na ce, "A'a, na gode, Allah ya saka da alheri. Ya aiki?"

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya wuce yana kaɗa makullin mota.

Na ce a raina, ashe akwai mutanen kirki a wurin nan, Allah ya sa yana cikin masu yanke hukunci. Sai na juya na ga ƙawar Auta, wadda ta je sayo ruwa, a tsaye a bakin matakala ta manne da bango don ya wuce. Ta zo ta zauna. Ta ce, "Umma, me ya ce miki?"

A nan na gane shi ne malamin.

Ƙarfe ɗaya da kwata Auta ta fito ba kwali, sun riƙe. Ta ce, "Na faɗa musu duka. Yana zaune na faɗa." Ta ce mutum bakwai ne, mace ɗaya. Sun ce za su rubuto.

A mota ta yi barci a kafaɗata tun daga tasha har gida. Ban gaya mata ba.

Juma'a, 4 ga wata, hutun rana

Allah ya saka da alheri, na ce masa. Har da ya aiki.

Laraba, 9 ga wata, da safe

Ba takarda.

Asabar, 12 ga wata, da yamma

Ba takarda. 'Yan ajinsu sun gama jiya. Ta ga hotunansu a waya, ta nuna min ƙawarta, ta ce, "Ta yi kyau, ko?" Na ce ta yi kyau.

Laraba, 16 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Takardar ta zo. Auta ce ta karanta mana da kanta, tana fassarawa layi-layi, ni da Abbansu muna zaune kamar 'yan makaranta.

Ba a same ta da laifin kwafa ba, saboda rashin isasshiyar hujja. An janye dakatarwar. Amma tun da ba ta zauna jarrabawa ba, sai ta maimaita shekarar. Za a ba ta wani mai duba aikin.

Abbansu ya ce, "Shi fa?"

Ta juya takardar, bayanta fari. Ta ce, "Ba su ambace shi ba." Ƙawarta ta ce yana nan, ofishinsa ɗaya, kuma shi ke koyar da darasi guda na dole a shekarar ƙarshe.

Abbansu ya miƙe ya ce wallahi ba za ta koma ba, ba da ransa ba. Ta bar shi ya gama. Ta ce, "Abba, in na bari, shi ya zauna ni na tafi. Zan zauna a layin gaba, ya riƙa ganina kullum."

Ya juyo gare ni ya ce, "Ke ba za ki ce komai ba?"

Dukansu biyu suna kallona. Na san dogon barandan nan yanzu, na san matakalar, na san fuskarsa da muryarsa mai laushi. Wata tara za ta yi tana bi ta wurin, ni ina ƙasan bene tafiyar awa uku daga ita.

Na ce, "Ta koma."

Sannan na shiga banɗaki na buɗe famfo don kar su ji ni.